Abin da Maharban Barewa a Amurka Suka Ce Game da Harsashi

A wata tattaunawa kan irin harsashin da ya fi dacewa da farautar barewa, yawancin maharban sun yarda cewa inda harsashi ya samu barewa ya fi girmansa muhimmanci. A auna bayan kafaɗa, wajen huhu da zuciya.

Sun fi yabon harsashi mai bakin dalma, irin na .308 ko .30-06 (lambobin girman harsashi ke nan), saboda yana buɗewa kamar lema idan ya shiga nama. Mai rufin ƙarfe gaba ɗaya kuwa ratsawa kawai yake yi, dabba ta gudu da rauni ta je ta mutu a wahale. Wannan ya fi damuna.

An ɗan yi gardama kan na tagulla. Yana ratsa ƙashi sosai, ba ya barin ɓurɓushin dalma a naman da iyali za su ci. Tun 2019 jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma.