Nawa ake sakawa a jan ambulan na auren Sinawa?

Waɗanda suka saba halartar liyafar auren Sinawa bakinsu ya zo ɗaya: kuɗi ake bayarwa, sababbi fil, cikin jan ambulan mai sunanka. Fari na makoki ne, kada ka kuskura. A bakin ƙofa ake karɓa a rubuta a littafi, don a rama maka ranar naka, kamar bikin da matanmu ke yi wa juna.

Adadin ne ya jawo gardama. Galibi sun ce kada ya gaza kuɗin kujerarka, yuan (kuɗin Sin) 600 ko 800, ka kuma guji adadi mai lamba 4, don furucinta a harshensu ya yi kama da na kalmar mutuwa. Na fi gamsuwa da masu cewa a tambayi ɗan gari, domin a lardin Guangdong na kudancin Sin yuan 200 ma ba abin kunya ba ne.