Furosesa mai layukan wuta huɗu: wanne zai fara tashi, yaushe za a saki RESET?

MaiSolda:
Assalamu alaikum. Bod ne mai furosesa da ke buƙatar 1.0V na ciki, 1.8V, 1.5V na DDR3 (ƙwaƙwalwar RAM), da 3.3V na ƙafafun shiga da fita. Kowane layi da regulatansa (guntun da ke daidaita ƙarfin wutarsa), an jinkirta su da resista da kafasita a ƙafar EN, wadda ke kunna regulatan. Idan bod ya daɗe a kashe yana tashi lafiya, amma in an kashe an kunna nan take sai ya maƙale. Ina matsalar take?

Inj_Lantarki:
Wa alaikumus salam. Malam, babu tsari guda da ya hau kowace furosesa. Misali, furosesar Zynq-7000 na son 1.0V na ciki ya fara, sai 1.8V, sannan layukan ƙafafu. A furosesar AM335x kuwa 1.8V ne farko, wutar ciki tana zuwa daga baya. Takardar bayanan guntunka ce alƙali.

Amma abin da ka bayyana ya fi kama da laifin resista da kafasitan nan. A ce resista 100k da kafasita 100nF ne, daga 3.3V, EN kuma na kamawa a 1.2V: jinkirin kusan milisakan 4.5 ne, muddin kafasitan ya fara daga sifili. In an kashe an kunna da sauri bai gama sauke caji ba, jinkirin ya ragu ko ya ɓace, layukan su tashi a hargitse. Ka cire resista da kafasitan. Ka haɗa PG (ƙafar da ke nuna wuta ta daidaita) na regulata na farko da EN na na biyu, da resista 10k zuwa layin wuta, haka har na ƙarshe. Ko ka sa guntun LM3880, mai kunna layuka uku bi da bi, ya kuma kashe su daga na ƙarshe zuwa na farko.

Kiristal32:
Ƙari kan maganar Injiniya, kashewa ma tana da ƙa'ida, kuma ita aka fi mantawa. Layin da ba ya jan wuta sosai yakan daɗe bai sauka ba, sai da'irar sake farawa ta cikin guntun ta kasa gane an taɓa ɗauke wuta. A zaɓi regulata mai sauke cajin mafitarsa da kansa, ko a sa resista zuwa ƙasa. A AM335x ma an hana tazarar layin 3.3V da na 1.8V ta wuce 2V lokacin sauka.

A duba kebul ɗin UART kuma, wato na musayar bayanai da bod. In yana jone alhali bod a kashe, ƙafar TX (ta aika bayanai) ta kebul ɗin na tura wuta ta diyod ɗin kariya zuwa layin 3.3V, layin ya tsaya a rabi. Wannan na iya lalata ƙafar furosesar.

Hajiya_DDR:
Game da RESET, wato siginar da ke riƙe furosesa kada ta fara aiki, kada a sake shi sai duk layukan sun daidaita kuma agogo ya tsaya da ƙafarsa. Kiristal ɗin agogo na megahaz kan ɗauki 'yan milisakan, na 32.768kHz kuwa yakan kai sakan guda. Guntun sa ido irin MAX809 na riƙe RESET aƙalla milisakan 140. Yawancin furosesa na karanta ƙafafun zaɓin but (inda za ta ɗauko manhajar farawa) daidai lokacin da RESET ke tashi, don haka duk wata na'ura da ke kan waɗannan ƙafafun kada ta motsa su a lokacin.

DDR3 na da nata lissafin a ƙa'idar JEDEC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojinta: RESET ɗinta a ƙasa aƙalla makirosakan 200 bayan wuta ta daidaita, CKE (mai kunna agogonta) kuma ya zauna a ƙasa makirosakan 500 bayan an saki RESET ɗin. VREF, wutar da take gwada sigina da ita, ya bi rabin 1.5V, wato 0.75V.

Ka ɗora osiloskop (na'urar da ke zana motsin wuta a allo) mai tasha huɗu, ka ɗauki hoton tashi da na sauka, da na lokacin da aka kashe na milisakan 50 zuwa 100 aka sake kunnawa. Kowane layi ya hau kai tsaye, ba tare da ya ɗan koma ƙasa a hanya ba. Ka turo hotunan mu gani.