Tambaya: me ya sa 'yan Taiwan ba sa son a ce musu 'yan China?

Ɗan Fagge:

Salam 'yan uwa. Wani abu ne ya faru dani a makaranta nake so masu sani su warware min. A Malesiya nake karatu, akwai wata yarinya a ajinmu da aka haɗa mu aikin rukuni, ranar nan ina gabatar da ita ga wani abokina sai nace ai 'yar China ce, wlh nan take fuskarta ta canza tace min a'a ita 'yar Taiwan ce, cikin ladabi dai ta faɗa amma kana gani kasan na taka mata wani abu. To ni abin ya ɗaure min kai, domin Mandarin suke yi tare da 'yan China na ajin, abincinsu kusan ɗaya, kuma na taɓa ganin fasfo ɗinta akwai Jamhuriyar China a jiki. Ƙabilanci ne irin namu ko siyasa ce ko me? Naji nauyin in tambaye ta kar in ƙara ɓata rawata da tsalle.

Malamin Tarihi:

Wa alaikumus salam ƙanina. Ba laifinka bane, amma ka taɓo tsohon miki, kuma abin da mutane da yawa basu sani ba shine mikin ba Beijing ce ta fara yi musu shi ba.

Tun 1895 daular Qing ta China ta miƙa tsibirin Taiwan ga Japan bayan ta sha kashi a yaƙi, Japanawa suka mulke shi shekara 50 cur har 1945. Kaga duk wanda aka haifa a tsakanin nan da Japananci yayi boko. Da Japan ta faɗi sai gwamnatin jam'iyyar Kuomintang ta Chiang Kai-shek ta karɓi wurin, mutane har murna suka yi wai 'yan uwa sun zo, sai ga cin hanci, tsadar shinkafa, duk manyan muƙamai a hannun waɗanda suka ƙetaro daga babban yankin. Ranar 27 ga Fabrairu 1947 jami'an hukumar taba suka kama wata bazawara mai sayar da sigari a Taipei, babban birninsu, suka buga mata gindin bindiga a ka, jama'a suka taru, wani jami'i yayi harbi ya kashe mutum ɗaya, washegari gari ya rikice. Gwamna Chen Yi yayi ta jan su da zancen sulhu har sojoji suka sauka a tashar jirgin ruwa ta Keelung a watan Maris, daga nan aka shiga bi ana ɗauke lauyoyi, likitoci, malamai, ɗalibai, duk wani mai ilimin da zai iya jagorantar mutane. Rahoton da gwamnatinsu da kanta ta fitar a 1992 ya ƙiyasta mutum 18,000 zuwa 28,000. Shi suke kira 228, wato 28 ga Fabrairu, kuma yanzu ranar hutu ce a can duk shekara, amma kusan shekara 40 ko ambatonsa ba ka isa kayi ba.

Sai 1949 'yan kwaminis suka ci yaƙin basasa a China, Chiang ya gudo Taiwan da sojojinsa da sunan ƙasar gaba ɗaya, shine Jamhuriyar China da ka gani a fasfo. Aka sa dokar soja daga 1949 har 15 ga Yuli 1987, shekara 38, ana kai mutane kurkukun Green Island kan karanta littafi ko wata magana da suka yi a shago. Abin da yafi tsaya min a rai shine yaro a firamare in yayi yaren gidansu, Hokkien ko Hakka, sai a ci shi tara ko a rataya masa allo a wuya. Duk wanda yayi makarantar da ake karɓar kuɗi in kayi Hausa a aji ya san ɗanɗanon abin, sai dai nasu gwamnati ce da bindiga a bayansa. Mandarin ɗin da kaji tana yi, kakanninta da yawa da bulala suka koye shi.

Don haka in tace ni 'yar Taiwan ce, ba da Xi Jinping kaɗai take ba, har da waɗanda suka ce wa kakanta dole ya zama ɗan China irin wanda suke so.

Alhaji Kwantena:

Malam na yarda da tarihinka amma gaskiya ni ban ga abin wahala anan ba. Shekara nawa ina zuwa Guangzhou, ina da abokan kasuwa 'yan Taiwan masu masana'anta a can, kuɗinsu a China yake, matansu wasu 'yan China ne, in ana ciniki babu mai tuna wani Taiwan. Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1971 ta ba Beijing kujerar, Amurka ma da take zuga su tun 1979 ta koma Beijing, ƙasashe 12 kawai suka rage musu a duniya, a Afirka kuma Eswatini ce tilo. Mu nan ma a Janairun 2017 lokacin da ministan harkokin wajen China Wang Yi ya zo Abuja gwamnati tace ofishin Taiwan ya tattara ya koma Legas. In kowa yace an zalunci kakana zan ware ai babu ƙasar da zata rage, mu da muka ga Biyafara bai kamata a koya mana wannan ba. Amurka makamai kawai take sayar musu, ranar da wuta ta tashi su zasu ƙone.

Bazindare:

Alhaji barka da kasuwa. Maganar ƙasashe 12 ɗin nan fa kar a ɗauke ta ma'aunin gaskiya, mu a Nijar mun gani da idonmu, a 1992 lokacin gwamnatin riƙon ƙwarya da baitulmali ya bushe Yamai ta koma wajen Taipei, 1996 da Baare ya hau aka sake komawa Beijing, cikin shekara huɗu tarihi ne ya canza ko aljihu? Chadi ta bar su 2006, Burkina 2018. Ciniki ne kawai kowa na duba inda tuwo yafi yawa, su ma Taiwan ɗin sun yi rabon kuɗin ba wai waliyyai bane.

Malamin Tarihi:

Alhaji ranka ya daɗe, inda misalin Biyafara ya karye shine Inugu tana ƙarƙashin Legas kafin a ce za'a ware. Ita gwamnatin Beijing da aka kafa 1949 bata taɓa mulkin Taiwan ko na kwana ɗaya ba, bata taɓa karɓar haraji a can ba. Suna da kuɗinsu, sojansu, kotunsu, mutum wajen miliyan 23. Zancen wuta kuma su sun fi mu sani, shi yasa mafi yawansu basa neman a shelanta 'yanci gobe, basa neman haɗewa, a bar abin yadda yake kawai suke so.

Kuma ka duba yadda suka fito daga mulkin soja. 10 ga Disamba 1979, ranar kare haƙƙin ɗan adam ta duniya, 'yan adawa suka yi gangami a Kaohsiung aka kwashe shugabanninsu aka kai kotun soja. Ɗaya daga ciki Lin Yi-hsiung yana tsare aka shiga gidansa aka kashe mahaifiyarsa da 'yan biyunsa mata, ranar 28 ga Fabrairu 1980, duba ranar fa, kuma har yau ba'a kama kowa ba. Annette Lu da aka ɗaure a shari'ar nan ita ta zama mataimakiyar shugaban ƙasa a 2000, shugaban kuwa Chen Shui-bian yana cikin lauyoyin da suka kare su. Amma ni wanda yafi bani mamaki Lee Teng-hui ne, ɗan Kuomintang ne fa, shi ya gaji shugaba Chiang Ching-kuo, ɗan Chiang Kai-shek, a 1988, haifaffen tsibirin na farko da ya hau kujerar, a 1995 ya tsaya ya nemi gafara kan 228 da sunan gwamnati, a 1996 ya tsaya zaɓen shugaban ƙasa na kai tsaye na farko, China na harba makamai masu linzami a teku don tsorata masu zaɓe, ya ci, 2000 kuma ya miƙa wa 'yan adawa mulki ya tafi gida. Jami'ar Chengchi tana tambayar mutane duk shekara tun 1992, a lokacin masu cewa su 'yan Taiwan ne zalla basu kai kashi 20 cikin 100 ba, yanzu sun haura 60, masu cewa 'yan China zalla kuwa sun koma 'yan tsiraru. Yadda Beijing ta matse Hong Kong a 2019 da 2020 ya ƙara tura matasa can.

Maman Hanif:

Malam ka yi ƙoƙari amma kar mu wanke su tas. Shi Chen ɗin da ka yaba, yana sauka aka kama shi kan cin hanci ya sha ɗauri, ko da yake wani zai ce hakan ma alama ce kotu na aiki. Sannan su masu cewa mu ne 'yan ƙasa, ai su ma kakanninsu daga lardunan Fujian da Guangdong na China suka ƙetaro suka tarar da mutane, ƙabilun asali 16 gwamnati ta amince dasu, basu kai kashi 3 cikin 100 ba yanzu, filayensu sun tafi, sai 1 ga Agusta 2016 shugabar ƙasa ta lokacin Tsai Ing-wen ta nemi gafararsu. Ni abin da yafi damuna 'yan ci-rani ne, 'yan Indonesiya da Filifin da Biyetnam masu aikin gida da jinyar tsofaffi da jiragen kamun kifi na nesa, dillalai na zaftare musu albashi, wani yayi watanni a teku ba waya, da yawansu musulmi 'yan uwanmu ne. Hukuncin kisa ma yana nan. Haƙƙin ɗan adam ɗin yafi ƙarfi in kana da katin zaɓe.

Kai kuma Ɗan Fagge ɗana, ba wani dogon abu, ka ce mata kayi kuskure ka kira ta da abin da ta kira kanta, ko kai wani ya ce maka ai ku duk Afirka ɗaya ne ka san yadda kake ji.

Ɗan Fagge:

Nagode Mama, nagode Malam da kowa, Allah ya ƙara ilimi. Yau bayan lacca na bata haƙuri tayi dariya tace ta saba, har ta ciro fasfo ta nuna min, ashe sabon ne na 2021 da aka rubuta Taiwan da manyan haruffa, Jamhuriyar China ɗin na Turanci an ƙanƙance shi ya zagaye tambarin sai ka ƙura ido. Wai kakarta har yanzu in zata ƙirga kuɗi da Japananci take yi, kakanta na wajen uba kuma soja ne da ya zo da Chiang a 1949 kuma har ya rasu ɗan China yake kiran kansa, a gida ɗaya fa, lokacin zaɓe basa zancen siyasa a wajen cin abinci. Malam saura abu ɗaya, me yasa a gasar Olamfik ake ce musu Chinese Taipei ba'a ɗaga tutarsu, su suka yarda da sunan ko tilasta musu aka yi?