Ina son hada waka daga Zabura 128 don godiyar iyayena, amma kalmomin sun ki zama

YarAuta_Kafanchan:
Salama a gareku yan uwa. Don Allah ina neman shawara. Baba da Mama zasu cika shekara 40 da aure karshen wata mai zuwa, zamuyi godiya a majami'a, shine yayyena suka dora min wai tunda ni ce nake kwaya, wato kungiyar mawakan majami'a, ni zan hada waka mu rera mu bakwai da jikoki. Na dauki Zabura 128 saboda duk abinda nake so yana ciki, cin amfanin aikin hannu, mace kamar kuringar inabi a cikin gida, yara kamar dashen zaitun kewaye da tebur, har ganin jikoki a aya 6. Matsalar itace na riga na samu karin da nake so, ina ta rera shi ina wanke wanke, amma da na dora ayoyin sai su ki shiga, wani layin yayi tsawo sai na rika gudu kamar mai karanta sanarwa. Da na rage kalmomi kuma yayana babba yace a'a, ba'a taba maganar Allah, har ya bude min Ruya ta Yohanna 22:18-19. To yanzu ya zanyi? Kuma laifi ne in na saka sunan Baba da Mama a ciki?

TsohonKwayamasta:
Yata, sannu da kokari. Ki gaida yayanki, tsoron da yake ji mai kyau ne amma ba wurinsa bane nan. Ke ba juyin Littafi Mai Tsarki kike yi ba, waka kike yi. Shi kansa ya duba, juyin 1932 da iyayenmu suka rike da wanda ya zo bayansa ba kalmomi daya suke ba, a wancan Yohanna ake cewa a wannan Yahaya, kuma ba wanda yace an rage maganar Allah. Abinda ba'a yi shine ki sa ayar ta fadi abinda bata fada ba. Zabura 128 ta fara da mai tsoron Ubangiji, mai tafiya cikin hanyoyinsa, daga nan albarkun suka biyo. In kika yar da aya 1 kika kwashe albarkun kadai, nan ne zan goyi bayan yayanki.

Kuskurenki daya ne, kin dinka riga kafin ki auna mai sawa. Ajiye karin nan tukuna. Ki karanta ayar da karfi sau goma yadda zaki fada wa Mama a kicin, ki saurari inda muryarki take hawa da inda take sauka, karin yana nan a ciki. Hausa ba ta yarda a ja ta yadda aka ga dama. Shekarun baya wani yaro a kwayarmu ya hada waka akan sabuwar Urushalima, layin yana cewa zamu shiga sabon gari, sai karin ya ja "ga" din yayi tsawo, ya koma gaari na tuwo. Ranar Lahadi muna rerawa da dukan zuciya, na hango matan zumunta a layin gaba suna rufe baki da gefen zane, wata tsohuwa har hawaye. Bayan sujada ta tare ni tace Malam, na masara ne ko na dawa? Shi yasa wasu wakokin da aka juyo daga Turanci aka dora kan karin Turawa, dadi kam akwai, mun saba dasu tun muna yara, amma in ba ka rike littafi ba wani layin baka gane me ake cewa.

MamanBiyu_Billiri:
Ni dai ba ilimin waka gareni ba, tulu nake bugawa a zumunta shekara da shekaru. Abinda na sani shine in amshi yayi tsawo ba mai kama miki. Ki duba Zabura 136, aya 26 ce kuma kowace aya amshi daya ake maimaitawa, kaunarsa madawwamiya ce, shikenan. Kiyi amshin da jikan Mama dan shekara biyar zai rike a ji daya, baitocin ki barwa kanki da yayyenki.

Sai abu daya da zan roke ki yata. Ranar nan ba ku kadai bane a majami'a, akwai wadda shekara 15 tana jiran haihuwa, akwai gwauraye, akwai wadda rikici ya cinye mata miji da da. In kuka tsaya ku bakwai da anko kuna ta yara kewaye da tebur, yara kewaye da tebur, wata zata sunkuyar da kai har a tashi. Ban ce ki cire ba, maganar Allah ce. Amma ki sa baiti daya na wahalar da suka sha, ai shekara 40 ba duka zuma bace, ki tambayi Mama zata fada miki.

Mai_Jita_Jos:
Ni kam ban yarda da Baba Kwayamasta duka ba, ayi hakuri Baba. Sau da yawa karin ne yake fara zuwa min, ina cikin keke napep ma sai in dauka a waya kar ya gudu, kalmomi su zo daga baya, kuma yana fita. In kina son karin nan naki kar ki yar, ki nemi gajeriyar aya tayi amshi, Joshuwa 24:15 misali, ni da gidana zamu bauta wa Ubangiji, wannan ko ina yana zama. Zaburar kuma ki fada da bakinki a baitoci. Batun suna, ni zan ce kar ki saka. Da zarar an kira suna mutane zasu taso liki, wakar ta koma kirari, fasto yana ta duban agogo. Ki ce baba da mama kawai, kowa a wurin yana da nasa. Wakar suna ki ajiye ta sai an koma gida wurin cin shinkafa.

TsohonKwayamasta:
Dan jita, ba musu, in yana fita maka to madalla. Amma ka rera wa wanda bai ga rubutun ba, ya maimaita maka kalmomin, sannan ka zo muyi magana.

YarAuta_Kafanchan:
Nagode sosai iyayena da yayana. Maman Biyu, maganarki ta tsaya min a rai, jiya da dare na zauna da Mamanmu tana gyaran wake na tambayeta, sai ta bani labarin shekarar da aka sallami Baba daga aiki tana da cikin na hudu, kunu suke sha safe da dare wata uku, da kuma yaron da suka binne kafin a haifeni wanda ba'a cika zancensa a gida ba. Ashe mu takwas ne. Na rubuta baitin amma na kasa rera shi har karshe, kila yayata ce zata dauki wannan. Suna na cire. Yayana babba ya yarda bayan na nuna masa aya 1 tana nan a baitin farko, saidai yace shi bazai rera ba, ganga zai rike. Asabar muna da firaktis, zan gwada amshin akan yaran in gani ko zasu kama.