Wane fim na mutum-mutumi zan kalla bayan na Chitti?

Autar Zaure: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na kalli Enthiran, fim ɗin Rajinikanth na 2010 da aka fi sani da Robot. Wurin da kotu ta ce a kwance Chitti, ya zauna yana cire sassan jikinsa da hannunsa, wallahi sai da na yi hawaye. Na san ƙarfe ne da wayoyi, amma zuciyata ta ƙi ji. Don Allah ku ba ni irinsa.

Yayan Zariya: Wa alaikumus salam ƙanwata. Nemi A.I. na Steven Spielberg, 2001. Yaro ne na inji, sunansa David, an ƙera shi don ya so matar da ta ɗauke shi kamar mahaifiyarsa. Da ɗanta na cikinta ya warke, sai ta kai shi daji ta bari. Yana riƙe ta yana roƙo. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan riƙo da aka juya wa baya, ya san wannan kukan.

Malamin Makaranta: Ni ba fim mai tsawo zan ba ki ba. A 1944 wasu masana halayyar ɗan Adam, Heider da Simmel, sun nuna wa mutane ɗan gajeren hoto mai motsi: siffofi biyu masu kusurwa uku da da'ira ɗaya suna zagaya wani akwati. Babu ido, babu baki. Amma kusan kowa ya ce babban cikinsu azzalumi ne, yana cin zalin ƙananan. Yana nan a YouTube. Haka Allah ya yi mu, da mun ga abu yana gudu ko yana nema sai mu ba shi zuciya.

Hajiya Babba: Malam ka yi gaskiya. Jikokina sun yi jugum a kan WALL-E na 2008, alhali ko magana ba ya yi sosai, idanun nan nasa kawai. Shi za ki iya kallo da yara. Na Spielberg ya yi musu nauyi.

Yayan Zariya: Hajiya, ni a ganina ba idanun ba ne kaɗai. Ku duba, duk cikinsu don hidima aka yi su. Chitti ya yi aiki, David ya yi so, WALL-E yana kwashe sharar mutanen da suka tafi suka bar shi. Ba su zaɓi komai ba, kuma da amfaninsu ya ƙare aka ajiye su gefe. Wannan ne yake sosa mu, domin muna ganin ana yi wa masu rai haka.

Malamin Makaranta: To idan haka ne, Auta, karanta littafin Klara and the Sun na Kazuo Ishiguro, 2021. Klara mutum-mutumi ce, ita da kanta take ba da labarin, an saye ta a shago don ta zama ƙawar wata yarinya mara lafiya. Turancinsa ba shi da wuya.

Autar Zaure: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara da WALL-E tare da ƙannena. Malam, idan kana da littafin a hannu, ka ara min.