Bindigar gado: ta magaji ce ko sai hukuma ta yarda?

Baffa: Jama'a, ni fa ban gamsu da maganar nan ba, wai in mutum ya gaji bindiga sai ya je neman izini. Abin da uba ya bari na 'ya'yansa ne. Ba saye aka yi ba, ba sata ba, ba fasa-ƙwauri ba. Mai ita ya riga ya yi rajista tun yana raye. Rajistar me kuma za a sake?

Barista: Allah ya ƙara girma, Baffa. Abu biyu kuka haɗa wuri guda. Mallakar bindiga daban, izinin riƙe ta daban. Mallaka tana bin gado. Lasisi kuwa an ba mamacin ne shi kaɗai, bayan an duba shekarunsa da hankalinsa da halinsa, kuma ranar da ya rasu lasisin ya bi shi. Ɗa yana gadon motar ubansa, amma ba ya hawa titi da lasisin tuƙin uban.

Baffa: To ai ka kashe kanka da bakinka, ɗana. Motar in na ajiye ta a gida ban tuƙa ba, wa zai kama ni?

Barista: Nan ne suka rabu. A bindiga ajiyewar kanta ita ce abin da doka ta ɗora wa lasisi, ko ba a taɓa harbawa ba. Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta kasa su uku: manyan makamai sai da izinin shugaban ƙasa, bindigar da mutum ke riƙewa don kansa sai da na Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka kuma kwamishinan 'yan sanda na jiha. In mai lasisi ya rasu, dokar ta ba wanda kayan ke hannunsa kwana 14. Bayan nan in bai gyara zamansa ba, ya zama mai riƙe makami ba izini.

Goggo: Kwana 14! Ko gumba ba a gama ba, matar tana cikin takaba, wa ke ta bindiga? Wanda ya rubuta wannan bai taɓa zaman makoki ba.

Barista: Wallahi Goggo a nan ina bayanki, wa'adin ya yi kaɗan. Jamus wata guda ta bayar. Ita kuma tata dabarar daban ce: magajin da ba mafarauci ba ne, ba kuma ɗan wasan harbi ba, ana barinsa da bindigar, amma tun 2008 sai maƙerin bindiga mai izini ya cusa mata wani makulli a cikin bututu, yadda harsashi ba zai shiga ba. Tana nan a gidanka, kana ganin sawun hannun mahaifinka a jikin ƙotarta, amma ba ta tashi. A Birtaniya 'yan sanda kan ba mai kula da dukiyar mamaci takardar izini ta wucin gadi, ya samu ya sayar ko ya miƙa wa mai lasisi.

Auta: Yaya Barista, amma a Amurka ai Baffa ne da gaskiya, ko? Can kowa da bindigarsa.

Barista: Rabi da rabi. Bindigogin yau da kullum gwamnatin tarayya ba ta da kundin rajistarsu, sai dai abin da wasu jihohi suka tsara nasu. Amma dokar 1934 ta wajabta rajistar wasu nau'o'i: bindiga mai sarrafa kanta, mai gajeren bututu, da abin rage ƙarar harbi. In mamacin ya yi wa irin wannan rajista, magaji zai cike fom na 5 na ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi a can, a mayar da ita sunansa ba haraji. In bai yi ba, shi ke nan. Ba a yi mata rajista daga baya. An buɗe ƙofar afuwa ta kwana 30 a 1968, aka rufe. Iyalai da dama sun buɗe akwatin kakansu tsohon soja sun tarar da bindiga mai sarrafa kanta da ya dawo da ita daga yaƙin duniya na biyu, ba takarda. Irin wannan ba a raba ta a gado, miƙa wa hukuma ake yi, kuma riƙe ta na iya jawo ɗaurin da ya kai shekara 10.

Baffa: To wannan ai ƙwace ne da sunan doka. Mutum ya mutu, a hukunta 'ya'yansa kan sakacinsa.

Malam: A'a Alhaji, a yi adalci. Ba a gadon abin da mamacin kansa bai da ikon riƙewa. Magaji ba ya samun haƙƙin da ya fi na wanda ya gada. Ni abin da ya fi damuna ma ba hukuma ba ce, cikin gida ne. Bindiga ɗaya, magada tara. Babban ɗa ya rataya ta a ɗakinsa, wai kayan maza ne, ba a sa ta a lissafin rabo ba. Mata da ƙanana fa? Dukiya ce, sai a yi mata kuɗi, wanda ya samu lasisi ya riƙe ya biya sauran rabonsu, in ba wanda ya samu a sayar wa mai izini a raba.

Goggo: Yauwa Malam, ka taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Kuma a daina barin ta ƙarƙashin gado ana jiran rabo, gida cike da jikoki.

Baffa: Batun rabo na karɓa. Amma har gobe ina nan a kan bakana: in hukuma ta hana magaji lasisi ba da laifinsa ba, ta biya shi kuɗin bindigarsa.

Barista: Wannan sai ku kai wa 'yan majalisa, Baffa. Kafin nan, duk wanda abin ya faɗo wa ya nemo lasisin mamacin, ya gwada lambar da ke takardar da wadda ke jikin bindigar, ya sanar da 'yan sanda a rubuce. Kada ya saɓa ta a kafaɗa ya nufi caji ofis kai tsaye, ya fara tambayarsu yadda suke so a kawo ta.