Muhawara: shin maganin tsatsa ya wadatar wa daɓen tsohuwar 504 kafin a fesa firaima?

Mai mota: Assalamu alaikum. Na gaji Peugeot 504 daga mahaifina, cikin waɗanda aka haɗa a masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna, kuma a makon jiya na cire kujeru da kafet domin in fara gyaranta. Daɓen gefen direba ya yi jawur da tsatsa, amma ban ga huji ba. Wani mai sana'a ya ce mini ba sai an kankare har farin ƙarfe ya fito ba, a goga buroshin waya kawai, a shafa maganin tsatsa, a fesa firaima, wato shafin farko da ake yi wa ƙarfe kafin fenti. Ina neman ra'ayin manya kafin in shiga Panteka sayen kaya.

Baba fanel bita: Wa alaikumus salam, ɗana. Wanda ya ba ka wannan shawara bai yi kuskure ba. Ƙarfen daɓen irin wannan mota kaurinsa milimita ɗaya ne ko ƙasa da haka tun yana sabo, to ina ga wanda ya sha damina arba'in? Idan ka ɗora masa faifan gurza, ƙarfen kirki za ka cinye tare da tsatsar, ka bar daɓe kamar gwangwanin madara. Na sha karɓar motocin da aka kankare da sunan tsafta, ƙafa na takawa suna lotsawa. Maganin tsatsa yana mayar da ita baƙa ya tsayar da ita, ƙarfe kuma yana nan da kaurinsa.

Mai fenti: Baba, da girmanka, a nan na saɓa maka. Buroshin waya ba ya cire tsatsar da ta kama, goge kanta yake yi har ta yi sheƙi, mutum ya ɗauka ya kai ƙarfe alhali bai kai ba. Maganin kuma saman tsatsa kawai yake ci. Idan ta yi ɓawo, za ka ga baƙi a sama, amma ka sa bakin wuƙa ka kankara, ja za ka tarar a ƙasa. Na taɓa fesa firaima a kan irin wannan daɓe saboda mai motar yana sauri, damina ɗaya ta wuce fentin ya kumbura, na ɓare shi da farce kamar ɓawon albasa. Da kuɗina na sake aikin.

Injiniya: Ina ganin kowannenku ya riƙe gefe ɗaya na gaskiyar, amma na Malam mai fenti ya fi nauyi. Yawancin magungunan nan asid ɗin fosforik ne a cikinsu, ko kuma asid ɗin tanik, kuma aikinsu shi ne su juya tsatsa zuwa wani sinadari baƙi ko ruwan toka da ba ya ci gaba da cin ƙarfe. Sai dai ba sa ratsa tsatsa mai kauri, saboda haka wurin amfaninsu shi ne ƙananan ramukan da sanfefa ba ta kaiwa, bayan an riga an cire sauran. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: firaimar ifoksi, wadda ake haɗa gwangwani biyu kafin a fesa, ita ce mai toshe danshi da gaske, amma ba ta kama wurin da ragowar asid ya bushe a kai. Duk wanda ya shafa fosforik zalla dole ya wanke shi tun yana jiƙe, ya busar da ƙarfen sarai, ya sake bi da sanfefa, kuma ya karanta abin da masu firaimar suka rubuta, domin wasunsu sun hana asid gaba ɗaya.

Baba fanel bita: Yallaɓai injiniya, na ji, amma ku faɗa wa yaron nan da me zai kankare. Idan fesa yashi kuke nufi, na ga masu tankaɗe yashin kogi suna fesawa ba takunkumi, ƙurar nan kuwa tana lalata huhu, yashin kuma yana maƙalewa a haɗin ƙarfe ya riƙe ruwa. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Mai fenti: Ba yashi ba, Baba, ba kuma faifan gurza ba, a wannan kam ina tare da kai. Akwai faifan nailan mai kama da soso da ke cire fenti da tsatsa ba tare da ya rage ƙarfe sosai ba. Bayansa a bi da sanfefa lamba 80 domin firaima ta sami abin kamawa. Kafin duk wannan sai an ɗaga baƙar kwaltar da aka shimfiɗa a daɓe don rage ƙara, a ɗumama ta da iska mai zafi a ɓare da faffaɗar wuƙa, domin inda ta tsage ruwa yana shiga ƙarƙashinta ya zauna shekaru. Kada kuma a wanke ƙarfe da fetur, yana barin maiƙo. A yi amfani da ruwan cire maiƙo na masu fenti, tsumma ɗaya na shafawa, wani busasshe na gogewa kafin ya bushe da kansa. Bayan nan ko tafin hannu kada ya taɓa wurin.

Injiniya: A ƙara da lokaci. A watan Agusta a Kaduna ƙarfen da aka kankare da yamma yakan wayi gari da jan hoda a kansa, saboda haka ranar da aka kankare a ranar za a fesa, da hantsi bayan raɓa ta ɗauke. A hunturu danshi ba ya damun kowa, ƙura ce abokiyar gaba. Man toshe haɗin ƙarfe kuma bayan firaima ake sa shi.

Baba fanel bita: Na yarda da faifan nailan, ban yarda a ce a jefar da maganin ba, ramuka suna buƙatarsa. Kuma duk kun manta da tambayar farko: ta ina ruwan ya shigo? A irin waɗannan motoci robar gilashin gaba da ta ƙofa ce ke bushewa, ruwa ya gangaro ya taru a ƙarƙashin ƙafar direba. Idan ba a canja ta ba, ko da firaimar zinariya aka fesa, aikin banza ne.

Mai mota: Na gode muku. Ɗazu na ɗaga kwaltar gefen direba, na rufe gareji, na sa ƙanena ya haska tocila daga ƙarƙashin motar. Haske ya fito ta ƙananan huji bakwai kusa da inda daɓe ya haɗu da dokin ƙofa, kuma da na danna sukudireba a wurin, biyu daga cikin hujin suka haɗe suka zama ɗaya.

Baba fanel bita: To, wannan wuri ya wuce magani ya wuce sanfefa, ɗana, yanka za a yi a sa sabon ƙarfe, kuma kada kowa ya ce maka a cika shi da fila, wato ƙullun da ake cike lotsawar jikin mota da shi. Kafin wuta ta taɓa daɓen, a kwance bututun fetur da na birki da ke bi ta ƙarƙashi, a cire kan batir. Ka auna faɗin wurin, ka ƙara yatsa biyu ta kowane gefe har inda sukudireba ta daina shiga, ka turo mana awon da hoto.